Yaya makamin kakkaɓo jirage yake bambance jirgin fasinja da na yaƙi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne ina yawan bin hanyar Dubai da Jidda, kuma duk sanda rikici ya tashi a Gabas ta Tsakiya sai gabana ya riƙa faɗuwa. Don Allah makaman nan da ƙasashe ke girkewa don harbo jirage, ta yaya suke gane wannan na fasinja ne wancan na yaƙi ne? In na'urorin suna da ƙarfin da ake faɗa, me ya sa aka harbo jirgin Yukren a Tehran da na Maleshiya? Kuskure ne da gaske ko da gangan ake yi sai a ce kuskure?"

Wa'alaikumus salam Alhaji, amin, Allah ya tsare hanya. In na fahimce ka, abinda kake son sani shine ko makamin nan yana da wata hanya ta gane cewa wannan jirgin mutane ya ɗauko ba bama-bamai ba, in kuma yana da ita toh me ke faruwa ranar da aka yi ɓarna. Bari in fara faɗa maka iyakar hurumina, ni injiniyan rada ne a ɓangaren farar hula, aikina kula da na'urorin da masu bai wa jirage hanya suke kallo, ban taɓa zama cikin motar harba makami ba kuma sojoji basa buɗe wa kowa ƙa'idojinsu na harbi. Amma igiyar rediyo bata san soja ko farar hula ba, aikinta ɗaya ne, sannan manyan haɗurran nan an bincike su an fitar da rahoto, a kan wannan zan tsaya.

Abinda rada take gani

Ka fara cire hoton finafinai daga ranka, inda soja zai kalli sikirin ya ga jirgi da fukafukansa da tambarin kamfani. Rada bata ɗaukar hoto. Igiya take turawa sama ta daki abu ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka a san nisansa, daga inda antena ke fuskanta a san ta wane ɓangare yake, daga yadda igiyar ta ɗan sauya a san matsowa yake ko nisa yake yi kuma da wane gudu. Radar soja mai kyau ta ƙara maka da tsayinsa. Shikenan fa. Abinda ke fitowa a allo ɗigo ne ko wata 'yar alama da lambobi a gefe.

Za ka ce ai Boeing 777 ƙato ne dole ɗigonsa ya fi na jirgin yaƙi, eh a takarda haka ne, amma ƙarfin abinda ke dawowa ya danganta da ta inda jirgin ya juyo maka, in hancinsa ya nuno kaɗan ne zai dawo, in gefensa ya baka sai ya yi yawa, don haka babu mai rantsuwa a kan girman ɗigo. Ko da ma ka tabbatar ƙato ne, manyan jiragen soja na dakon kaya da na ba da mai a sama da na leƙen asiri da yawansu gangar jikin jirgin fasinja ce aka yi wa kwaskwarima.

Tambaya da amsa a sama

Tun yaƙin duniya na biyu Ingila ta ga wannan matsalar, rada na nuna jirage na zuwa amma ba a san nasu ne ke dawowa ko na Jamus ne ke kawo hari ba. Daga nan aka ƙirƙiro tsarin da ake kira IFF, wato tsarin gane aboki ko maƙiyi, kuma daga gare shi aka samo taransifonda da ke cikin kowane jirgin fasinja a yau. Na'urar ƙasa ta aika tambaya a kan megahaz 1030, akwatin da ke cikin jirgin ya amsa da kansa a kan 1090 ba tare da matuƙi ya buɗe baki ba. Amsar farko lamba ce mai alƙaluma huɗu wadda masu kula da zirga-zirga suke bai wa jirgin kafin ya tashi, daga 0 zuwa 7 ake haɗa ta shi ya sa guda 4096 ne kawai, a ciki an ware 7500 in an yi fashin jirgi, 7600 in rediyo ta mutu, 7700 in ana cikin wani haɗari. Sannan akwatin ya faɗi tsayin jirgin. Na zamani kowane jirgi yana da tasa lambar ta dindindin, kuma yana watsa sunansa da inda yake ko ba a tambaye shi ba, wannan ne ADS-B, shine abinda kake gani in ka buɗe Flightradar24 a wayarka kana bin jirgin da ya ɗauko kayanka. Sojoji kuma suna da tasu amsar ta sirri mai makulli da ake sauyawa a kai a kai, ƙasashen NATO sun daɗe suna amfani da Mod 4 yanzu sun koma Mod 5.

Toh inda gizo ke saƙar. Abin kamar mai gadi ne da dare ya hango inuwa ya ce wane ne nan. In aka amsa masa da kalmar da 'yan gida kaɗai suka sani, ya huta. In aka yi shiru fa, bai tabbatar ɓarawo ne ba, wataƙila kurma ne, wataƙila baƙo ne da baya jin yaren. In kuma aka ce ni ne mai kawo ruwa, ai ɓarawo ma zai iya faɗin haka. IFF aboki kawai yake iya tabbatarwa, bashi da hanyar tabbatar da maƙiyi. Amsar jirgin fasinja kuwa ba ta sirri bace, kowane jirgin yaƙi zai iya saita akwatinsa ya ba da lambar farar hula, don haka sojan da ke jiran hari in ya ganta ba lallai hankalinsa ya kwanta ba. Akwai kuma wani abu da mutane basu cika sani ba, makaman da aka gada daga Tarayyar Sobiyet nasu tsarin IFF ɗin daban ne gaba ɗaya, an yi shi ne don gane jiragen sojansu, ba don karanta akwatin Boeing ko Airbus ba. Labarin jiragen fasinja sai dai ya zo wa mai harbi daga sama, daga cibiyar da ke haɗa bayanan soja da na farar hula.

Shi ya sa ƙasar da ta san abinda take yi bata dogara da hujja ɗaya. Ana duba takardar tafiya da kowane jirgi ke shigarwa kafin ya tashi, da jadawalin kamfanoni, da ko ɗigon yana bin hanyar da aka shata wa jiragen fasinja a sama. Ana duba halinsa, jirgin fasinja in ya tashi hawa yake yi a natse da gudu ɗaya, mai kawo hari yakan sauko ya ƙara wuta ya nufo ka. Ana sauraron irin igiyar da yake fitarwa don radar duba yanayi da ke hancin jirgin fasinja daban take da radar neman abin harbi. Wasu manyan na'urori har juyawar fankar injin suke karantawa su yi hasashen samfurin jirgin, amma sai ya fuskanto su da kyau. Ana kiransa a mitar gaggawa ta 121.5, in da hali a tura jirgin yaƙi ya je ya gani da ido. Kowace ɗaya a cikin waɗannan tana cin lokaci, kuma kusan dukkansu suna buƙatar mai harbin ya kasance a haɗe da cibiya. Ka riƙe waɗannan biyun, lokaci da layin sadarwa, don su ne suke tsinkewa.

Jirgin Iran a 1988

Tunda hanyar Dubai kake bi bari in daɗe a kan wannan. Ranar 3 ga Yuli 1988, yaƙin Iran da Iraƙi na dab da ƙarewa, jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Vincennes yana kusa da mashigin Hormuz yana musayar wuta da ƙananan jiragen ruwan dakarun Iran. Yana ɗauke da tsarin rada da harba makami mai suna Aegis wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa. Jirgin Iran Air mai lamba 655, Airbus A300, ya tashi daga Bandar Abbas zai tsallaka Dubai, tafiyar da bata kai rabin awa ba, ya makara da minti 27. Kimanin minti 7 da tashinsa aka sakar masa makamai biyu, mutum 290 suka rasu, 66 a ciki yara ne.

Abinda ya sa har yau ake koyar da wannan lamari shine na'urar bata yi ƙarya ba. Da aka ciro bayanan da kwamfutar jirgin ruwan ta naɗa, an ga tun farko ta nuna jirgin hawa yake yi, yana cikin hanyar jiragen fasinja mai suna Amber 59, akwatinsa yana amsa lambar farar hula 6760. Amma mutanen da ke ɗakin suka yi ta shaida wa kyaftin cewa jirgin yaƙin Iran ne samfurin F-14, saukowa yake yi, yana ƙara gudu. Daga ina F-14 ya fito? Filin Bandar Abbas na haɗaka ne soja da farar hula suke amfani da shi, kuma bayanin da aka fi karɓa shine ma'aikacin da ke tura tambayar IFF ya bar alamarsa a kan filin bayan Airbus ɗin ya bar wurin, sai ya kamo amsar soja daga wani jirgi da ke ƙasa aka liƙa wa Airbus. Ni wannan ɓangaren bai taɓa bani mamaki ba, a wurin aikinmu in jirage biyu suka yi layi ɗaya da antena amsoshinsu sukan cakuɗe lamba ta fito a birkice, wani lokacin kuma amsar ta daki bangon ƙarfe na rumfar gyaran jirage ta dawo sai ka ga jirgi ɗaya ya zama biyu a allo, ɗaya a inda babu komai. Mu dai in haka ta faru mai kula zai kira matuƙi ya ce ya danna maɓallin shaida, ya jira antena ta sake zagayowa, abin ya warware, don babu mai harbinsa kuma ba shi da maɓallin harbi a gabansa.

An duba jadawalin jiragen fasinja a Vincennes, amma ɗakin da duhu, ƙasashen yankin agogonsu ya bambanta, jirgin kuma ya makara, mai dubawar bai gan shi ba. An yi gargaɗi sau 10, guda 7 a mitar soja wadda jirgin fasinja baya kamawa, guda 3 a 121.5, su ma ana cewa ne jirgin da ba a san ko wane ne ba mai gudu kaza a alƙibla kaza, ba a kira lambar 6760 ba wadda ita ce za ta sa matuƙin ya san da shi ake. Ga kuma tsoro, a watan Mayu 1987 jirgin yaƙin Iraƙi ya daki USS Stark a wannan tekun ya kashe sojan ruwa 37, aka zargi kwamandansa da jinkiri, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Rahoton sojan ruwan Amurka da kansa ya ce mutanen sun riga sun ƙudurta a ransu cewa hari na tafe, sai suka riƙa karanta abinda suke tsammani maimakon abinda ke rubuce a gabansu. Wani jirgin ruwan Amurka, USS Sides, yana nan kusa yana kallon wannan ɗigon dai, kwamandansa bai ɗauke shi a matsayin barazana ba. Amurka bata amsa laifi a hukumance ba, a 1996 ta yarda ta biya iyalai dala miliyan 61.8, shi kuwa kyaftin ɗin Vincennes, William Rogers, har lambar yabo aka bashi a 1990, abinda Iraniyawa basu manta ba.

Tehran da gabashin Yukren

Bayan shekara 32 sai ga Iran ɗin ta tsaya a inda Amurka ta tsaya. Amurka ta kashe Janar Ƙasim Sulaimani ranar 3 ga Janairu 2020, daren 8 ga wata Iran ta rama da ruwan makamai a sansanin Ain al-Asad a Iraƙi inda sojojin Amurka suke, sannan ta zauna tana jiran martani, duk masu tsaron sama yatsa a kan maɓalli. Amma ba a rufe filin jirgin Imam Khumaini ba, jirage suka ci gaba da tashi. Da asuba jirgin Yukren PS752, Boeing 737-800, ya tashi zuwa Kyiv da mutum 176, mafi yawansu Kanada suka nufa. Yana wajen ƙafa 8,000 wata motar harbo jirage samfurin Tor-M1 ta dakarun juyin juya halin Iran ta harba masa makami, bayan kusan rabin minti ta ƙara na biyu. Babu wanda ya tsira.

Bayanin da Iran ta bayar shine an matsar da motar daga inda take ba a sake saita mata arewa ba, ta karkace da digiri 107, don haka jirgin da ya fito daga filin jirgi yana bin hanyarsa sai ya bayyana kamar wani abu ne ya taso daga wani ɓangaren daban ya nufo birni. Mai harbin ya nemi cibiya bai samu ba, ya ɗauka makami mai linzami ne irin mai tafiya ƙasa-ƙasa, ya harba ba da izini ba. Kwamandan sashen sararin samaniya na dakarun a lokacin, Amir Ali Hajizadeh, ya ce mutumin ya ga abin a nisan kilomita 19 kuma daƙiƙa 10 gare shi ya yanke hukunci. Ka yi lissafi, irin wannan makamin yana gudun wajen kilomita 800 a awa, kilomita 19 bai kai masa minti ɗaya da rabi ba, ita kuma Tor hannunta bai wuce kilomita 12 ba, toh ina lokacin duba jadawali. Zancen saita arewa kuwa sana'ata ce, duk sanda muka taɓa antena ba ma mayar da rada bakin aiki sai mun gwada ta da wani akwati da ke girke a ƙasa wanda muka san ainihin inda yake, in ya fito a allo a gurbinsa toh, in ya goce ko da kaɗan ne a sake. Kuskuren digiri 107 ba ƙaramin gocewa bane, ya fi kwata na da'ira, shi ya sa Kanada da iyalan mamatan basu gamsu da bayanin ba har yanzu, balle ma Iran ta yi kwana 3 tana musantawa kafin ta amsa ranar 11 ga wata.

Na Maleshiya, MH17, ranar 17 ga Yuli 2014 ne, Boeing 777 daga Amstadam zuwa Kuala Lumpur, mutum 298, 196 'yan Holan. Yana ƙafa 33,000 a saman gabashin Yukren inda ake yaƙi da 'yan aware masu samun goyon bayan Rasha. Hukumar binciken Holan ta tabbatar makamin Buk ne, har ɓaraguzan kan makamin aka ciro a jikin matuƙan. Shi Buk ba mota ɗaya bace, ayari ne, akwai motar kwamanda, akwai motar babbar rada mai duba ko'ina, akwai motocin harbi, akwai masu dakon makamai. Sai dai motar harbin tana da 'yar radarta kuma tana iya harbi ita kaɗai, kuma binciken haɗin gwiwa ya nuna mota ɗaya ce aka shigo da ita daga birged ta 53 ta sojan Rasha da ke Kursk. Kaga an kawo hannu an bar ido da kunne a gida. A watan Nuwamba 2022 kotun Holan ta yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, cikinsu har da Igor Girkin, ɗan Rasha da ya jagoranci mayaƙan 'yan awaren, ta ce alamu sun nuna jirgin soja suka yi niyyar harbowa amma hakan baya wanke su. Rasha dai ta musanta hannunta.

Sauran zan wuce da sauri. A 2001 makamin S-200 da sojan Yukren suka harba wajen atisaye a Kirimiya ya wuce abinda aka nufa ya samu jirgin Siberia Airlines da ya taso daga Tel Aviv, mutum 78. A 1983 jirgin Koriya ta Kudu 007 ya kauce hanya da ɗaruruwan kilomita ya shiga saman Sobiyet, aka tura jirgin yaƙi ya je har kusa da shi kuma duk da haka ya harbo shi kusa da Sakhalin, mutum 269, don haka ko gani da ido ba garanti bane in umarni ya riga ya fito.

Wani zai ce tunda mutum ne ke rikicewa a bar wa kwamfuta mana. An gwada kusa da haka. A watan Maris 2003 lokacin yaƙin Iraƙi, makamin kakkaɓo jirage na Amurka mai suna Patriot ya harbo jirgin yaƙin Birtaniya samfurin Tornado yana dawowa sansaninsa a Kuwait ya kashe mutum biyu da ke ciki, kwamfutar ce ta sanya shi a layin makami mai bin igiyar rada, akwatin IFF na jirgin ya samu matsala, rukunin kuma bai gama haɗuwa da cibiya ba, masu aikin suka yarda da abinda na'ura ta ce. Bayan kwanaki kaɗan wani Patriot ya harbo jirgin yaƙi F/A-18 na Amurka da kanta. Indiya ta harbo helikwaftanta a Kashmir a watan Fabrairu 2019 ranar da take arangama da Pakistan. In ƙasa tana harbo jirginta mai ɗauke da kalmar sirri, kaga jirgin fasinja da bashi da ita.

Da gangan ne?

Ra'ayina, harbin da gangan ne, wanda aka harba ne ba shi ake nufi ba, don babu ƙasar da ta ci riba a waɗannan, dukkansu abin kunya suka jawo, wasu har da takunkumi ko biyan diyya. Amma kalmar kuskure tana ɓoye abu da yawa. Wanda ya kai makami mai kaiwa sama da ƙafa 70,000 ƙarƙashin hanyar jiragen fasinja ba tare da hanyar tantancewa ba, da wanda ya ba ƙaramin hafsa damar harbi in layi ya katse, sun san abinda ka iya faruwa. Kuma kusan kowace ƙasa abinda take fara yi shine ƙarya, Sobiyet ta musanta, Iran ta musanta, Amurka da farko ta ce jirgin saukowa yake yi kuma ya fita daga hanyarsa, wannan ƙaryar ce take sa mutane irinka su ce anya kuwa.

Shi matuƙin jirgin fasinja babu abinda zai iya, bashi da na'urar da za ta gaya masa an saita shi da rada, sai dai ya ji ƙara. Jiragen Isra'ila suna ɗauke da na'urar rikita makami, amma wannan na ƙananan makamai ne da ake saɓawa a kafaɗa masu bin zafin inji, su kuma basa wuce 'yan kilomita kaɗan a sama, haɗarinsu wajen tashi da sauka ne kamar yadda aka gwada a Mombasa a 2002 aka kuskure da Bagadaza a 2003 aka samu jirgin DHL ya sauka da ƙyar. Jirgin da ke ƙafa 35,000 sun yi masa nisa.

Wa ke rufe sama?

A nan maganin yake, kuma a nan aka fi sakaci. Bayan jirgin Koriya an ƙara sashe a yarjejeniyar Chicago ta zirga-zirgar jiragen farar hula a 1984 da ya hana amfani da makami a kan jirgin farar hula, amma takarda bata shiga motar harbi da asuba. Abinda ke aiki shine kar jirgin ya kasance a wurin. A ƙa'ida kowace ƙasa ita ke da ikon rufe samanta, ICAO, hukumar jiragen farar hula ta duniya, bata rufe wa kowa, ƙasar da ke yaƙi kuwa bata son rufewa don akwai kuɗin da jirage ke biya na wucewa, akwai kuma nuna wa duniya cewa komai lafiya, wani lokacin ma rufewar tona asirin shirin hari ce. Yukren ta rufe ƙasa da ƙafa 32,000 ne kawai alhali kwana 3 kafin nan an harbo mata jirgin soja An-26 a tsayin da ya nuna akwai babban makami a yankin, MH17 yana ƙafa 1,000 kacal sama da iyakar, kuma jirage 160 ne suka bi ta wurin a ranar. A lamarin Tehran kuwa hukumar jiragen Amurka ta hana kamfanoninta bin saman Iran da Iraƙi awanni kafin harbin, Hajizadeh ma ya ce sun nemi a rufe ba a rufe ba.

An ɗan koyi darasi. A yaƙin kwana 12 na Iran da Isra'ila a watan Yuni 2025 ƙasashen yankin sun yi ta rufe samansu, Ƙatar ma ta rufe kafin a harba wa sansanin sojan Amurka na Al Udeid da ke cikinta. Mu ma nan mun ɗanɗana, da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu 2023 aka rufe samanta, jiragen alhazanmu suka koma zagaye tafiya ta ƙaru kuɗi ya ƙaru mutane suka yi ta ƙorafi, haka da Nijar ta rufe nata a watan Agustan shekarar. Don haka Alhaji in ka ji an soke tashinka ko an ce jirgi zai yi zagaye na awa biyu saboda rikici, kar ka yi faɗa da yaran da ke kanta, kuma in kana da zaɓi a irin wannan makon ka bi kamfanin da ka ga ya fara kauce wa yankin ko da tikitinsa ya fi tsada.

Abinda ya fi damuna yanzu jirage marasa matuƙi ne. Ƙanana ne, basa amsa kowace tambaya, suna zuwa da yawa kuma suna kai hari garuruwa masu nisa da fagen daga inda filayen jirgi ke aiki kamar kullum, masu tsaro kuma suna toshe siginar GPS don rikita su, wanda hakan ke rikita jirgin fasinja shi ma har ADS-B ɗinsa ya riƙa faɗin wurin da ba nan yake ba ko ya ɗauke gaba ɗaya. Haka ta faru da jirgin Azarbaijan, Embraer 190 daga Baku zuwa Grozny ranar 25 ga Disamba 2024, ya iso ana cikin harin jirage marasa matuƙi na Yukren ga hazo ga GPS a toshe, ɓaraguzan makami suka huda jelarsa suka lalata na'urorin sarrafa shi, matuƙan suka lallaɓa shi suka tsallake tekun Kasfiya ya faɗi kusa da Aktau a Kazakistan, mutum 38 cikin 67 suka rasu 29 suka rayu. Sai a watan Oktoba 2025 Putin ya faɗa wa shugaba Aliyev na Azarbaijan a Dushanbe, babban birnin Tajikistan, cewa makaman tsaron Rasha ne suka fashe kusa da jirgin.